Giram Sittin Har da Roba

Duk wanda ya zauna unguwar Asata ya san Bashira 'yar Malam Mijinyawa, in bai san fuskarta ba to ya san ƙamshin ƙofarta. A Inugu aka haife ta, a nan ta yi wayo, Ibo a bakinta kamar ruwa, har matan kasuwar Ogbete kan tsokane ta cewa tasu ce aka ba Hausawa aro. Mahaifinta hatsi ya sayar shekara talatin a kasuwar, kuma bai bar wa 'ya'yansa wata dukiya ba sai tsoron tauye mudu. A gidansu yaro kan yi ɓarna a kau da kai, amma ba a wasa da awo.

Da turaren wuta ta fara, sana'ar da ta gada wurin mahaifiyarta. Da matan zamani suka soma ƙorafin hayaƙi yana baƙanta musu labule, sai ta koyi haɗa kakin ƙamshi a waya. A narka kaki, a zuba masa turare, a juye a 'yar roba mai gida shida ya daskare. Mai saye ta ɓalli ɗaya ta ɗora a ɗan kasko mai kyandir a ƙarƙashi, gida ya ɗauki ƙamshi babu hayaƙi. Tukunya uku ta ƙona kafin hannunta ya faɗa, daga nan kuwa kasuwa ta buɗe, har daga Anacha da Fatakwal ake aikowa.

Ta sayi ɗan sikelin lantarki, ta bugo sitika mai ɗauke da sunanta da giram sittin. Ba ta rufe kwali sai ta ɗora kowace roba a sikeli ta ga sittin cif. Tana alfahari da wannan, kuma in za a faɗi gaskiya ba ta iya ɓoye alfaharin ba, don har gori take wa masu zuba kaya da ƙiyasin ido. Shekara biyu ana haka.

Wata Laraba da hantsi ta kai kayanta wani babban kanti, tana fatan su riƙa karɓa. Madam mai kantin ta shinshina ta yaba, sannan ta ɓalle kakin daga robarsa ta ɗora shi tsurarsa a nata sikelin. Arba'in da takwas. Bashira ta yi murmushi ta ce lallai sikelin Madam na buƙatar gyara. Madam ba ta yi musu ba, sai ta ɗora robar da murfinta kaɗai, allo ya nuna sha biyu.

"Customer go burn plastic?" in ji Madam da Turancin buroka, wato ko mai saye robar zai ƙona.

Ta yi mata bayani a hankali cewa abin da ake rubutawa a sitika nauyin kakin ne zalla, kuma akwai maɓallin da ake dannawa bayan an ɗora robar da babu komai, ya mayar da sikeli sifili. Bashira ta san maɓallin sarai, kullum tana goge masa ƙura. Ita da ta tashi a gidan mudu, inda kwano ba ya shiga cikin awo, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa sikeli bai san bambancin kaya da mazubinsa ba.

Ba asarar kantin ce ta dame ta ba, sunanta ne manne a kan kowace roba, da hannunta ta liƙa shi a kan ƙarya. A keke napep har aka wuce layinsu ba ta ce a tsaya ba. Yinin ranar ta zauna tana ɓare sitika da farce tana istigifari, abinci bai ga bakinta ba.

Washegari ta ɗaura niyyar bin masu sayenta gida-gida ta nemi gafara. Ta fara da Hajiya Kulu, aminiyar mahaifiyarta, wadda ta fara sayen kayanta tana sarar wa masu haɗa kayan amare. Ta durƙusa, aka gaisa, aka tambayi mutan gida, sannan ta zayyana komai tana kuka. Ta shirya jin faɗa, ta ma shirya ganin Hajiya ta kaɗu kamar yadda ita ta kaɗu. Hajiya kuwa ko motsi ba ta yi ba.

"Ayya 'yar nan, ai mun daɗe da sani. Tun bara wata ta auna ta gaya mana. Muka ce zamani ne, kowa na ɗan taɓawa, kar a ba ki kunya."

Bashira ta daina kukan. Ashe duk lokacin da take cika baki a kan awo, suna kallonta ne a matsayin mai ha'inci, suna rufa mata asiri. Sai ta tambayi su wa da wa suka sani.

Hajiya ta soma ambato sunaye tana lanƙwasa yatsu. Ta gama da hannun dama, ta koma na hagu.