Ƙasar Cikin Takalmin Malam

A tashar motar Yerwa, Hajja Falmata mai kunu tana kallon wani fasinja da ya sauko daga motar Gwoza. Dogo ne, sanye da kaki mai guga, da alƙalami biyu a aljihu, da tabarau da aka ɗaure da zare. A ganinta malamin makaranta ne, irin masu gyara wa mutane magana ko a wurin zaman makoki.

Yana shan kunu yana ba ta labarin da ba ta tambaya ba. Wai ya hau dutse, ya shiga tsohuwar ganuwar da ake cewa matattarar mayu ce, wadda duk wanda ya fito da ƙasarta sai sun biyo shi gida.

"Hajja, jahilci ne kawai. Ba komai ciki sai jemagu da kashin awaki."

"To, Malam," in ji ta.

Sai ga shi ya shimfiɗa hankici, ya tuɓe takalma yana kakkaɓewa a kai. Yana bin ƙasansu da tsinken ashana, har tsakanin yatsun ƙafarsa yana dubawa. Ya ƙulle hankicin tam, ya kai wa direban da zai koma Gwoza, haɗe da goro, yana kwatanta masa gindin dutsen da zai mayar da ƙasar.

Ya dawo ya ƙarasa kununsa.

"Akwai yara a gida," ya ce, bai dube ta ba.

Hajja Falmata ta nuna naɗin ƙafar wandonsa da ludayi.

"Malam, nan ma da saura."