Sifilin da Na Kusa Bayarwa a Sharaɗa

Shekarata biyu da fara koyarwa aka tura ni ajin manya a Sharaɗa, wani ɗaki mai rufin kwano a bayan wata masaƙa. Ɗalibaina leburori ne da masu gadi da yaran masu kula da inji. Bayan La'asar suke zuwa, idan masu aikin safe sun tashi, wasu da burbushin auduga a gemu. Ni kuwa a lokacin ɗanyen kai ne da ni, ga saurin fushi, ga jan biro a aljihu. Takardar shaida ce ta tara su, domin kamfani ba ya ɗaga mutum daga lebura sai da ita.

Jarrabawar ƙarshe ba rubutu kaɗai ba ce. Na raba su biyar-biyar, na ce kowane rukuni ya zaɓi matsala ɗaya da ta addabi unguwa, ya zo gaban aji ya faɗi maganinta. Da rajista na yi rabon, suna bayan suna, ban shawarci kowa ba. Na kuma kafa doka: kowa sai ya yi magana, wanda ya yi shiru ko ya fita, sifili. Wanda ya sha sifili a nan, shi da takarda sai baɗi.

Rukunin farko suka yi bayanin satar kekuna a bakin ƙofar kamfani. Na biyu suka yi ta musu a kan bola har sai da na buga tebur. Na uku ma na manta abin da suka ce.

Na huɗu nake jira, saboda a cikinsu akwai wani matashi daga wajen Ringim, wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajin. An yi masa alkawarin kula da inji idan ya kawo takarda. Matsalarsu ruwan rini ce, wanda ke malalowa daga kwata ya yanke hanyar masu zuwa a ƙafa daga Ɗorayi, mutum ya iso aiki da ƙafa shuɗiya tana ƙaiƙayi. Matashin nan shi ya auna faɗin kwatar da igiya, shi ya zana gadar katako a bayan takardar siminti.

Uku suka yi nasu bayanin, sannan suka waiwaya gare shi. Sai kawai ya durƙusa ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Tashi mana, kai muke jira."

Shiru. Na sake magana, shiru. Raina ya ɓaci ƙwarai, don gani nake raini ne.

"Bakin naka ciwo yake? Wallahi sifili zan ba ka, ba ruwana da ƙoƙarinka."

Na cire murfin biro ke nan, sai na biyar ɗinsu ya miƙe, wani dattijo mai gadi da bai riga ya yi nasa bayanin ba. Ya ce, "Malam, zan ɗan fita."

Na ce, "Baba, kun fa san doka."

"Na sani," in ji shi, ya ɗauki takalmansa ya fice.

Ficewarsa ke da wuya matashin ya miƙe tsaye. Ya faɗi katako nawa za a nema, da inda za a roƙi tsofaffin akwatunan inji, da yadda masu aikin safe da na rana za su raba gayya ranar Lahadi. Ko gargada babu. Ina cikin mamaki, wani ɗalibi da ke kusa da teburina ya rage murya ya ce, "Malam, ai surukinsa ne. 'Yar Baba yake aure."

Kunya ta rufe ni. Ni Bahaushe, haifaffen cikin gari, na haɗa mutum da surukinsa a rukuni guda, na ce ya tsaya a kansa ya ɗaga murya. Ashe mako uku ta bakin ɗan saƙo suke shawara. Duk ajin sun sani, ba wanda ya iya gyara wa malami.

Da aka tashi na zagaya baya, na tarar da dattijon a gindin taga, zaune a kan takalmansa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce ya yi mini nasa bayanin a nan. Ya ƙi, wai kada in karya dokata saboda shi. Na nace, don taurin kaina bai gaza nasa ba, har ya yarda. A nan ƙasa na saurare shi, a kan gwiwata na rubuta makinsa. Dukansu biyu sun sami takarda.

Har gobe ina gode wa mutumin nan. Ya yarda ya yi asarar shekara guda don ya hana ni zaluntar yaron kirki, kuma bai tozarta ni a gaban aji ba.

Kafin mu rabu na tambaye shi me ya zaunar da shi a gindin taga, bai tafi gida ba. Ya yi murmushi, ya ce, "Malam, shekara shida yana auren 'yata, ban taɓa jin maganarsa ta wuce gaisuwa ba. Yau dai na ji wanda na ba wa ita."