Gasar da Aka Kasa Raɗa wa Suna

Ni ban san akwai wani wasa wai shi kurket ba sai da muka zo Manchester. Maigidana ya zo ƙaro karatu a jami'ar da ke Oxford Road, muka biyo shi da yara, muka kama ɗan fulat a Rusholme, saman wani shago. Maƙwabtanmu 'yan Pakistan ne suka koya masa. Mutumin da a gida ko ƙwallon ƙafa ba ta dame shi ba, sai ga shi ya dawo da faffaɗar sanda a hammata, ina tuƙa tuwo yana tsaye a kaina yana bayanin jifa da bugu.

Akwai wata babbar gasa ta ƙwararru da yake kallo a talabijin. Abin da ya ɗaure mini kai game da ita sunanta ne. Bana a kira ta da sunan wani kamfani, baɗi kamfanin ya tafi wani ya zo, suna ya canja, alhali 'yan wasan su ne dai. Wasu su ce kakar wasa ta kaza, wasu su kira ta da shekara. Na tambaye shi yadda ake gane abin da ba ya zama da suna ɗaya. Ya ce haka manya suke yi. A lokacin ban ga inda abin ya shafe ni ba.

Wata bazara mutanenmu na Manchester suka shirya ziyara zuwa Birmingham. Aka haɗu a wani filin shaƙatawa kusa da Sparkbrook, mata muka shimfiɗa tabarmi, maza suka ce bari su taɓa kurket. Babu kayan kirki, akwatin lemo aka kafa a wurin sandunan da ake jifa. 'Yan Birmingham suka ci. Wanda ya fi kowa bugu a ranar wani dattijo ne mai furfura a gemu, yana ƙarasa bincikensa a can. Da aka tashi har 'ya'yansa suka ɗaga shi sama, hularsa ta faɗi.

Matarsa ce ke zaune kusa da ni. Ta kama bakin mayafina, ta juya bayansa tana duban surfanin da ke jiki.

"Wa ya yi miki wannan?"

Na ce ni na yi.

"To ashe ke nake nema a ƙasar nan. Ke ce auta a gidanku, ko? Na gani a zamanki."

Tun daga ranar take kira na Auta, ni kuma ina kiran ta Yaya. Matan da ke kusa da ni a Manchester mutanen kirki ne, amma duk masu digiri ne, rabin hirarsu Turanci, kullum sai na auna magana kafin in fitar. Da Yaya ba na auna komai. Sai dai tun farko ta gaya mini karatun mijinta ya zo gangara, bazara mai zuwa ce ta ƙarshe gare su. Na riƙe wannan a raina.

Da sanyi ya ja baya, maza suka ce wasan bara ya yi daɗi, a mai da shi gasa ta sosai tsakanin garuruwan biyu, da kofi da riguna. Yaya ta kira ni tana dariya.

"Auta, mu ce mu za mu ɗinka musu tutar da za a kafa a fili. Kin ga mun samu dalili. Dole wannan Asabar a kawo ki, waccan a kai ni."

Haka kuwa aka yi. Muka sayi farin yadi mai kauri muka raba biyu. Ni zan yi layin sama, sunan gasar, ita ta yi na ƙasa, wanda zai faɗi kakar wasan, daga baya mu haɗe. Asabar ɗin farko-farko ban taɓa jin daɗin ƙasar nan kamar su ba. Maza suna falo suna mitin, mu muna kicin da allura, muna soya ƙosai, muna labarin gida har mu manta da inda muke.

Da girmana na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci, don haka ba na yi masa gaggawa. Kowane baƙi sai na zana shi da fensir, 'yata babba ta duba, sannan in bi shi da koren zare. Na gama sunan Manchester ke nan, na fara na Birmingham, maigidana ya shigo da waya a hannu.

"Tsaya tukun. Mutanen can sun ce sunan garinsu ne zai fara zuwa."

"Me ya sa?"

"Wai garinsu ya fi girma. Mun ce ai mu muka kawo shawarar. An kaɗa ƙuri'a a guruf ɗinmu na waya, sun fi mu yawa."

Na ɗauki reza na farke. Wanda bai taɓa farke surfani ba bai san abin ba. Ya fi ɗinkin cin rai, zare ɗaya-ɗaya, kuma ko ka gama sai yadin ya nuna sawun allura. Na sake zanawa, na sake ɗinkawa.

Ba a jima ba wani mai shago a Wilmslow Road ya ce zai ba da riguna, amma a sa sunan shagonsa a gaba, kamar yadda ake yi a gasar talabijin. Maigidana har da murna, wai yanzu sun zama kamar manya. Na farke na matsar da komai gefe. 'Yan Birmingham suka ce su ma suna da nasu mai shagon a Stratford Road, ba za su buga a ƙarƙashin sunan shagon wani gari ba. Aka ce a cire duka.

"Malam," na ce masa, "ba za ku tsaya a kan abu ɗaya ba kafin in zura allura?"

"Yi haƙuri. Wannan karon fainal ne."

"Wancan ma haka ka ce."

"Ai ke ba ki san yadda ake kafa abu ba. Suna ne komai."

Duk wannan mun ɗauke shi abin dariya, ni da Yaya. Takan ce, "Auta, yau kin ɗinka ko kin farke?" Abin da ya raba mu kuwa, daga nata rabin ya fito. Ita tuni ta gama layinta tsaf, ta rubuta kaka ta biyu, don a wurin mutanen Birmingham wasan bara shi ne na farko, su ne kuma suka ci. 'Yan Manchester suka ce sam. Wasan da babu alƙali, aka yi da akwatin lemo, ba gasa ba ne, bana ce ta farko. Maigidana ya rubuta a guruf cewa na bara wasan fikinik ne kawai, irin na yara. Mijin Yaya ya fita daga guruf ɗin.

Washegari ta kira ni, babu dariya a muryarta.

"Auta, mijinki ya ce na bara wasan yara ne."

"Yaya, maganar maza ce."

"Maganar maza ce, amma ni nake kwana da fushin. Mutumin nan tun da ya zo ƙasar nan daga laburare sai masallaci. Rana ɗaya ya yi abin da 'ya'yansa suka ɗaga shi sama, ita ce za a goge kafin ya tafi?"

"Ni ban ce a goge ba."

"Na sani. Amma ya ce kada in farke ko zare ɗaya. Ya kuma ce ƙafarsa ta gama taka Manchester."

Daga nan Asabar ɗinmu ta mutu. Bazarar ƙasar nan kuwa ba ta jiran kowa. Rana ta yi tsawo, yara suka samu hutu, ina tsaye a taga ina kallon bas-bas suna bin juna, ina cewa a raina ga ranar da da muna tare. Duk mako nakan tambayi maigidana ko za mu je. Sai ya ce in bari su gama warware maganar sunan nan, in ya je yanzu za a ce ya sauka daga matsayinsa. Suka yi ta mitin ta waya. Wani ya ce a kira na bara kaka ta sifiri, aka yi masa ca. Wani ya kawo misalin yadda manyan gasanni suke ƙirgawa, wani ya kawo misalin da ya rushe nasa. Wasa kuwa ko ɗaya ba a buga ba. Sandar tana jingine bayan ƙofa, 'yan riguna muke ratayawa a kanta.

Ni da Yaya ba mu yi faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Muna gaisawa, amma hirar ta gajarce. Ita tana kunyar ta ce in zo alhali mijinta na fushi da nawa, ni ina kunyar in tambaya. Na yi ta haƙuri, don shi na iya, ina cewa gobe za su daidaita.

Daga bakin wata maƙwabciya na ji cewa tafiyarsu ta matso, wa'adin fulat ɗinsu ya ƙare, a makon nan za su tashi. Na jira maigidana ya gama cin abinci.

"Malam, gobe ina so in je Birmingham."

"Ke kaɗai? Kin san hanya?"

"Yarinyar nan za ta saya mini tikiti a waya. Sauran kuma zan tambaya."

"Za su ce na aiko ki ban haƙuri."

"Ba wurin mijinta zan je ba."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na sauka a tashar Birmingham, na shiga bas ɗin da ba shi ba, wata tsohuwa Baturiya ta mai da ni kan hanya. Sai bayan azahar na buga ƙofar Yaya. Ta buɗe, ta tsaya tana kallona.

"Lallai Auta. Sai da na ba da tukwanena kika zo?"

Falon babu kujera ko ɗaya, sai kwalaye. Mijinta ya fito muka gaisa da mutunci, ya tambayi yara, bai tambayi babansu ba, ya sa takalmi ya tafi masallaci. Muka zauna a ƙasa muka ci burodi da shayi a kofunan roba. Ta sa ni na hau kan akwati don zif ya rufu, muna dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar mu da hawayen.

"Bazara guda, Auta," ta ce. "Sukutum. Saboda ɗaya da biyu."

Na ce ko zan tafi da nata rabin tutar, in haɗe su.

"Yana cikin wancan kwalin. Ya ce da shi zai tafi, a ɗakinsa zai rataye."

Muna da abin faɗa da yawa, lokaci kuma babu. Ban kai ga ba ta labarin bikin ƙanwata ba, ita ma ta fara wani zance game da mahaifiyarta, ta duba agogo ta ce bari sai a waya. Ta raka ni har bakin Stratford Road, ta riƙe hannuna har bas ya tsaya, direba yana jiranmu.

Sun tafi, ganye ya fara zuba, ruwa ya dawo kullum. Wata rana da yamma maigidana ya shigo fuskarsa a sake.

"Albishirinki. An sasanta. Ba ta farko, ba ta biyu, da shekara kawai za a riƙa kiranta. Kowa ya yarda. Baɗi in sha Allahu za a fara." Ya cire rigar ruwansa. "Sai dai tutar. Za ki iya yin layin ƙasan ke kaɗai?"

Na ce Allah ya sanya alheri, amma su nemi masu bugawa da inji. Ya ce ai na hannu ya fi kyau. Na ce haka ne, ya fi kyau, na wuce kicin na ɗora ruwan tuwo.