Wayar Yaya Lawal Har Yau Ba Ta Mutu Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Lawal, tela a bakin kasuwar Ƙanƙara, kuma wayarsa tana nan cikin jakata, gilashinta a tsage, bayanta ɗaure da roba. Keken ɗinki ya tafi wurin 'ya'yansa. Ni ƙanwarsa, malamar firamare, sai na tashi da abin da kowa ya kauda kai daga gare shi: zauren masu ba da jini.

Ƙungiya ce ta sa-kai da ya kafa bayan wata maƙwabciyarmu ta rasu wajen haihuwa don an rasa mai ba ta jini. Ba ofis, ba allo. Guruf ne kawai a waya, na manoma da direbobi da 'yan tireda daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Ba ya saka mutum sai an gwada jininsa, sannan ya ajiye lambarsa da laƙabi da rukunin jinin. Ya hana siyasa, ya hana talla. Kuma da murya ake magana, don yawancin mutanensa ba su karanta boko.

Amma babbar dabararsa kiran suna ce. Bai taɓa cewa wa zai taimaka ba. Sai ya tsayar da keke, ya danna waya: "Alhaji Dogo na Yankara, kai nike kira. Akwai mai haihuwa asibitin Faskari, jininku ɗaya. Aje hauyar nan ka taho." Kowa ya ji an kira Dogo, shi ma Dogo ya san kowa ya ji. Kunya kaɗai ta isa ta ɗora shi kan babur.

To, ni mace ce da aka yi wa tarbiyyar rashin ambatar sunan babba. Ko na mijina ba na faɗa, balle in tsaya gaban maza ina kiran dattijo da laƙabinsa. Sai na koma rubuta sanarwa: ana neman jini, Allah ya ba da ikon taimakawa. Nan take addu'o'i su zubo, kowa da amin ɗinsa, babu wanda ya ɗaga ƙafa. A hankali tallan atamfa ya shigo, masu haƙuri suka yi shiru, wasu suka fice.

Ba kunya ce kaɗai ta ɗaure mini baki ba, gara in faɗi gaskiya. Lokacin da Yaya ya fara, abin da mai babur ke tsoro caɓi ne. Yau sai mutum ya tambaya kafin ya hau hanyar Sheme, saboda 'yan bindiga. Idan na kira sunan magidanci a gaban shaidu, ni na sa shi a hanya. In bai dawo ba, muryata iyalinsa za su riƙa saurare. Nakan tambayi kaina ko Yaya zai ci gaba da kira a irin wannan hali. Na san amsar, shi ya sa nakan ji haushinsa.

Sau uku ina neman wanda zai karɓi wayar. Kowa sai ya ce, "Haba Malama, ai amanar Malam Lawal ce, hannunki ta dace." Rufe zauren ya gagare ni, tafiyar da shi ma ya gagara. Ko a aji ba na kashe wayar.

Da daminar da ta wuce aka kai wata mata daga Ruwan Godiya asibiti, jini ya ɓalle mata. Na rubuta sanarwata, aka yi ta amin. Da ungozomar da ta sanar da ni ta sake kira, na ji muryarta ta sauya. Na bar ɗalibai, na zaga bayan aji, na danna. Na ce, "Alhaji Dogo na Yankara, ka yi mani afuwa, kai nike kira."

Bai jima ba ya amsa, ana jin ƙarar babur: "Malama, shekara huɗu ina jiran a kira ni. Na ɗauka kin goge ni."

Matar ta tashi. Ni kuwa ban iya cin abinci ba sai da ya ce ya isa gida.

Tun ranar nake kiran suna, kuma kullum ina duba wayar har wanda na kira ya koma. Abin da Yaya ya bari ke nan, Allah ya jiƙansa: mutanen da ke amsawa idan an kira su, da wadda za ta ɗauki nauyin kiran. Na so in ce na saba. Ban saba ba.

Da na yi wa Alhaji Dogo godiya, na gaya masa tsorona duka. Sai ya ce, "Ranar da ban dawo ba, ki kira na gaba."

Na dai sa wayar a caji.