Mayafin Talabijin ɗin Baba Sati

Baba Sati mutum ne da ko ruwa ka ba shi sai ya ɗaga kofin ya duba gindinsa. Aikin reluwe ne ya koya masa haka, in ji shi. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu ta wajen Kafanchan ya zo Sabon Gari, ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin layin dogo yana ɗaga tuta, ja ko koriya, rayukan mutane a hannunsa. Da ya yi ritaya sai ya tattaro zargin nan kaf ya dawo da shi gida.

Amma a shekarar 2009 shi ma yana da abin ɓoyewa. Idon nan da ya ci abinci da shi ya tafi, saura inuwa-inuwa. A cikin gida ba mai ganewa, don ƙafarsa ta haddace kowane lungu. Tsoronsa ɗaya ne. 'Yarsa Rhoda, wadda ke aikin nas a Samaru, ta sha faɗa cewa ranar da ya kasa kula da kansa za ta ɗauke shi zuwa gidanta. Samaru ba nisa, amma a wannan ɗakin matarsa Martina ta cika, kuma a nan yake so a zo a ɗauki gawarsa.

Ran wata Asabar sai ga Rhoda da wani mutum mai suna Dele, mai shagon intanet a Samaru, ɗauke da kwalaye biyu.

"Baba, dikoda na kawo maka," in ji ta. "Da intanet take aiki. Za ka riƙa kallon wa'azi da ƙwallo."

"Rediyona ya yi miki laifi ne?"

Dele ya yi bayani da Hausarsa ta haifaffen Sabon Gari. Ƙaramin akwatin shi ne rauta, shi ke jawo intanet. Waya za ta tashi daga jikinsa ta shiga bayan dikoda, dikoda ta miƙa wa talabijin.

"Wayar da ke kawowa ai tana kaiwa," in ji Baba Sati. "Na yi aiki da wayar tangaraho, ɗana. Wa ke zaune a ɗaya bakin yana saurarena?"

"Ba kowa, Baba."

"Haka ake cewa."

Ya hana a huda bango. Ya tambayi sunan uban Dele da cocinsu. Ya karɓi rautar ya kai ta gaban fuska yana jujjuyawa kamar mai karanta rubutun jikinta. Amma can cikin ransa ba akwatin yake zargi ba, Rhoda yake zargi. Ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da ta san bai kunna talabijin ba tun rasuwar uwarta, me ya kawo wannan alheri yau? Idonsa ake so a gwada. To, in ta san wata ba ta san wata ba. Ya gyara zama a kujera, ya fuskanci inda talabijin yake, ya shirya amsarsa.

Dele ya durƙusa a bayan talabijin yana cusa wayoyi. Can sai sauti ya ɓarke, mawaƙan coci da ganguna.

Baba Sati bai jira an tambaye shi ba. "To, ba laifi. Hoton ya fita tas. Ya ma fi na da kyau."

Dele ya daina motsi, waƙar na ta tafiya ita kaɗai.

Sai ya ji takun Rhoda ta nufi talabijin, ya ji zare yana zamewa a kan gilashi. Nan take ya gane. Mayafin da Martina ta saƙa da kwarashi ne, wanda ke lulluɓe da talabijin ɗin tun ranar da aka binne ta. Ashe ba a riga an cire shi ba.

Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya. Shi da ya ƙare rayuwa yana gudun tarkon mutane, yau da bakinsa ya kama kansa.

Rhoda ta durƙusa a gabansa, ta ɗora masa mayafin a cinya.

"Allah ya sani, Baba, don kaɗaici na kawo maka. Tun yaushe idon ya tafi?"

Ya daɗe yana shafa saƙar da yatsunsa, sannan ya ninke ta a hankali ya riƙe.

"Ce wa mutumin nan ya kwance wayoyinsa," in ji shi. "In mun je Samaru sai ya haɗa miki a can."