Ranar da Mai Wa'azi Ya Nuna Maƙwabciyarmu da Yatsa

Duk lokacin da na ji ƙamshin man shanu a miyar kuka sai na tuna maƙwabciyarmu ta Potiskum, raina kuma ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Bafulatana ce, Musulma, mijinta dillalin shanu ne. Mu kuwa Kiristoci ne. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, da 'yar ƙofa a jikinta. Idan an cire gyaɗa takan shigo da ƙwaryar man shanu, ita da kakata su baje tabarma a gindin dalbejiya suna ɓara har rana ta yi sanyi. Kakata tana rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa da Hausarta mai karin harshen Karekare. Wata rana maƙwabciyar ta ce, "Iya, wannan Yesun da kike kira kullum, me ya yi miki?" Kakata ta ba ta labarin 'ya'yan da ta binne, da wanda ya riƙe zuciyarta ba ta zauce ba. Da la'asar ta yi, kakata da kanta ta zuba mata ruwan alwala a buta.

Haka suka shekara da shekaru. Tambaya in ta zo a amsa, in ba ta zo ba a ci gaba da gyaɗa.

Sai aka yi baƙon mai wa'azi daga nesa, aka sauke shi a gidanmu. Kakata ta roƙe shi a asirce ya sa maƙwabciyar cikin addu'a. Da yamma aka kafa lasifika a filin unguwa. Maƙwabciyar, baiwar Allah, tana dawowa daga niƙa da kwano a ka, sai ya nuna ta da yatsa.

"Ga ta can! Ta kusa fitowa daga duhu! Ku tafa wa Yesu!"

Aka kuwa tafa. Har yau ina ganin garin dawar nan da ya zube a ƙasa.

Washegari mijinta ya toshe 'yar ƙofar da laka, ya aika ta wurin iyayenta a Damagum. Kakata ta tsare baƙon yana shan koko.

"Malam, amana na ba ka, ka kai ta kasuwa. Kai yau za ka hau mota. Ita fa?"

"Mama, bishara ba ta jin kunya," in ji shi.

Kakata ta miƙe. Ta ɗauko jakarsa ta ajiye masa a ƙofar gida.

Maƙwabciyar ta dawo bayan damina, amma ba ta sake taka gidanmu ba. Ranar da aka fito da gawar kakata, a hayin titi ta tsaya, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Ni Kirista ce har gobe, ban taɓa jin kunyar Almasihu ba. Amma yanzu lasifikar ta koma cikin waya. Mutum zai ɗauki hoton wanda ya zo masa da tambaya cikin tsoro, ya watsa wa duniya, ya rubuta wai an ceto rai. Ina gani sai in tuna maƙwabciyarmu. Ɗan'uwa, wannan rai da kake alfahari da shi yana da gida, yana da dangi, kuma can zai koma ya kwana bayan ka gama shan tafi.