Kaskon Barkonon Iya

Ni tun ina yaro ƙafata ba ta san zama ba. Aji biyu na yi a firamare, malamin da kansa ya ce in je gida in huta, shi ma ya huta. Mutum ɗaya ce ta iya zaunar da ni, kakata Iya, ita ma sai bayan magariba, in an sauke tuwo ta jawo mu bakin murhu ni da ƙanwata Hinde.

A Fakuwa muke, ba a daɗe da tafiyar Turawa ba, wata damina da ruwa ya yi gardama. Rijiya ta ja baya, guga sai ya fito da laka. Iya tana da kasko biyu na fasasshiyar randa a gindin rumbu, ta cika su da ƙasa da kashin awaki, ta shuka barkono. Irin na uwarta ne, da shi ta taho daga Kaikai, kuma ɓera ya cinye wanda ta ajiye, waɗannan biyun kaɗai suka rage. Ba ta taɓa ɗebo musu ruwa na musamman ba. A kansu take alwala sau biyar, mu ma dole a nan, abin da ya ɗiga daga gwiwar hannu shi ne rabonsu.

Ni abin ya yi mini kaɗan. Ran nan da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin wajen Kusada, ya ƙi matsowa. Na ce to, in shi ba ya zuwa, mu ma je. Na yi gammo, na ɗauki kasko ɗaya, na fice ta bayan darni a guje. Ina gudu yana ja baya. Can cikin gonaki iska ta watsa shi, na ɗaga kai ina yi masa masifa, na yi tuntuɓe. Kasko ya tarwatse, barkono ya karye.

Iya ba ta dake ni ba. Da ma ta daka. Sai da muka ci tuwo ta gyara wuta.

"Matso, maigidan," in ji ta. Haka take kirana in za ta yi mini tsiya. "Tatsuniyar yau taka ce, ga ta nan tafe."

"Ta iso mu sha!" Hinde ta amsa da sauri, don ta san inda aka nufa.

Wai wani mutum ne ya shuka dawa cikin ƙwarya, ya ce shi ba ya zaman jiran ruwa kamar sakarai. In ya hango hadari gabas sai ya ɗauka ya bi, kafin ya isa an ɗauke, an kuma yi shi a garin da ya baro. Matarsa kuwa ta shuka tata a bakin ƙofa, tana zuba mata ruwan wankin hannu. Yana ta yawo har gemu ya yi fari. Da ya dawo ya sauke ƙwarya, ba komai sai ƙura, ya iske matar tana sussuka.

"Sai ya ce, 'Wance, ina kika samu ruwa?' Ta ce, 'Na fara da wanda ka wanke hannu ran da za ka tahi.'"

"Haba Iya," na ce, "ruwan wankin hannu ya isa dawa har sussuka?"

"Kai dai ka isa fasa kasko. Tashi ka yi alwalar lisha, kan wanda ka bar mini."

Wanda na bar mata ya rayu, ya yi 'ya'ya kaɗan. Ba ta sa ko ɗaya a miya ba, ta shanya su don iri. Shekarar nan lami muka sha miya, kuma duk loma sai Hinde ta harare ni.

Da kuɗin mai suka shigo, ni ne farkon fita a gidanmu. Iya ta ƙulle mini iri a tsumma. Kaduna, Ikko, Fatakwal. Gadi, dako, yaron mota. Duk inda aka ce ana ruwan kuɗi, kafin in isa an ɗauke. Shekara goma sha ɗaya ƙullin nan yana aljihuna, kullum ina cewa sai na zauna in shuka. Na dawo na iske Iya ta rasu. Na shuka, na jira kwana ashirin, ko tsiro ɗaya bai fito ba. Ranar na yi kukan da ban yi a kabarinta ba.

Na je garin Ƙofa inda Hinde take aure, in gaya mata na kashe irin Iya. Ina shiga na ga kasake jere jikin katanga, barkono ja wur.

"Ina kika samu?"

"Jikokin wanda ka bari ne, Yaya." Ta cire mini dashe biyu. "Don Allah waɗannan ka bar su wuri ɗaya."

Yanzu suna nan gidana a Kankia, cikin jarkar da na yanke biyu. Ba zan ce na shiryu ba. Jiya hadari ya taso wajen Kusada, kafin in ankara hannuna yana jikin jarka.

"Malam, ina zuwa?" in ji matata.

"Gyara mata zama nake."

Na sake ta, na jawo kujera, na ce ta miƙo mini buta.